Ƙawar Saiwa

Darasin sanin halitta

Mu fita bayan gari

Idan damana ta yi tsaka, ku roƙi malam ya fita da ku bayan gari. Kowa ya ɗauki littafinsa da alƙalaminsa. Ku tsaya a wuri huɗu: kan juji, cikin saura, ƙarƙashin gawo, da kuma bakin fako. A kowane wuri ku ƙirga irin tsirran da kuka gani, ku rubuta sunayensu.

Za ku tarar kowane wuri da jama'arsa. A kan juji zaƙi-banza ne ya cika wuri. A cikin saura akwai ƙarangiya da tafasa da sabara da kalgo da wasu ciyayi barkatai, sun cuɗe da juna. Ƙarƙashin gawo hatsi ya yi baƙi ƙirin, ya fi na nesa tsawo. A kan fako kuwa babu kome, sai ɗan tsiro nan, ɗan tsiro can.

Me ya kawo wannan bambanci? Wani zai ce ruwa ne. Wani zai ce taki ne. Wani kuma zai ce dabbobi ne suke cinye wasu, su bar wasu. Duka gaskiya ne. Amma akwai sauran dalili guda, wanda ido ba ya gani, don yana cikin ƙasa, a jikin saiwoyi. Shi za mu koya a wannan darasi.

Mece ce funfuna?

Kun san abin da yake fitowa a kan tuwon da ya kwana uku a rufe, fari-fari ko kore-kore, kamar auduga. Sunansa funfuna, wasu su ce hunhuna. Kun kuma san laimar kwaɗi, wadda take fitowa bayan ruwan sama a gindin ruɓaɓɓen icce. Ita ma dangin funfuna ce. Haka yis ɗin da mai burodi yake sawa a ƙullunsa. A Faransanci kalma ɗaya ta tattara su duka, wato champignon.

Funfuna ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba ce. Ba ta da ganye kore, saboda haka ba ta iya yin abincinta da hasken rana kamar yadda hatsi yake yi. Dole ta samo shi daga wani. Wata tana cin abin da ya mutu, kamar kara da ganye da kashin shanu. Wata tana cin mai rai, ta sa masa cuta. Wata kuwa ciniki take yi: ta ba da wani abu, a ba ta wani. Wannan ta ukun ita ce ƙawar saiwa.

Jikin funfuna zare ne, siriri ƙwarai. Gashin kanku ya fi shi kauri wajen sau 10. Laimar kwaɗin da kuke gani a sama kamar ƴaƴan icce take. Ainihin jikin yana ƙasa, zare bisa zare. Kada ku taɓa cin laimar kwaɗin da ba ku sani ba. Wasu guba ne, suna kisa.

Cinikin da ake yi cikin duhu

Tsiro yana da sukari. Ganyensa ne yake yin shi da hasken rana da iska da ruwa. Abin da yake ba tsiro wahala shi ne gishirin ƙasa, musamman wanda ake kira fosfor. Ƙasarmu ta jigawa matalauciya ce wajen fosfor. Ɗan wanda yake ciki ma ba ya tafiya da ruwa zuwa wurin saiwa. Manne yake da ƙwayoyin ƙasa, sai an je an same shi inda yake. Saiwa takan tsotse wanda yake kusa da ita, milimita 1 ko 2, daga nan sai ta zauna cikin yunwa, alhali ga abinci can gaba kaɗan.

Nan funfuna take shigowa. Zarenta yana huda fatar saiwa, ya shiga cikin ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka yi jikinta. A cikin ɗaki sai zaren ya yi rassa, ya zama kamar ɗan ƙaramin icce. Wannan ɗan icce shi ne kasuwar. Ɗaya bakin zaren kuma yana waje, yana ratsa ƙasa har santimita da yawa, yana shiga ƴan kafofin da saiwa ba ta iya shiga. Yana tattaro fosfor da wasu gishirai, har da ɗan ruwa, ya kawo kasuwa. Tsiro ya karɓa, ya biya da sukari da mai. Ba kyauta ba ce: cikin kashi 100 na abincin da ganye ya yi, tsiro yakan ba funfuna kashi 4 zuwa 20.

Ku ɗauka saiwa mace ce mai guga amma igiyarta gajera, funfuna kuma mai doguwar igiya ce marar guga. Kowace ita kaɗai ba ta shan ruwan rijiya mai zurfi.

Wani masani Bajamushe mai suna Albert Frank shi ne ya raɗa wa wannan zama suna a shekarar 1885. Ya kira shi mikoriza, daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya funfuna, ɗaya saiwa. Amma zaman ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A ƙasar Sikotland an sami burbushin tsirrai cikin dutse, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, kuma ga zaren funfuna a jikinsu, da ƴan itatuwan nan na cikin ɗaki. Yau cikin kowane irin tsiro 10 na duniya, wajen 8 suna wannan ƙawance. Hatsi da dawa da masara da wake da gujiya da albasa duk suna yi. Gawo da bagaruwa da daƙwara da magarya ma haka.

Ku yi hankali kada ku rikita wannan da ƙululun da kuke gani a saiwar wake da gujiya. Waɗannan ƙululu gidan wasu ƙwayoyin halitta ne dabam, masu kamo gishirin azot daga iska. Wake da gawo suna da abokai iri biyun duka, ɗaya na azot, ɗaya na fosfor. Na azot ana ganin gidansa da ido. Funfunar saiwa kuwa sai da madubin ƙara girma, wato mikroskop, bayan an rina saiwar da shuni.

Ba kowa ne yake bukatarta daidai ba

Ga abin da ya kamata ku riƙe sosai, don sauran darasin a kansa yake tsaye. Tsirrai ba su yi daidai ba wajen bukatar funfuna.

Akwai waɗanda in babu ita, da ƙyar suke rayuwa. Yawanci masu saiwa mai kauri ne, marar gashi da yawa. Albasa tana cikinsu. Ku tuge ɗaya ku duba saiwarta, farare, gajeru, kusan babu rassa. Magarya ma tana cikinsu: a gwaje-gwajen da aka yi a Burkina Faso da Senegal, ƴan magaryar da aka sa wa funfuna sun fi waɗanda ba a sa wa ba girma nesa. Akwai masu matsakaiciyar bukata, kamar ciyayi masu saiwa sirara mai yawa, waɗanda suke iya neman abinci da kansu. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da ita sam, ko kusan haka: shu, wanda wasu suke kira kabeji, da alayyafo, da ɗan'uwansa zaƙi-banza.

To, yanzu ku koma kan jujin nan. Juji cike yake da toka da kashin dabbobi, fosfor ya yi yawa. Wanda yake zaune cikin rumbu ba ya bukatar ɗan aike. Tsiron da ba ya biyan funfuna kome, mai saurin girma, shi yake cin nasara a can. Amma a saura, inda abinci ya yi kaɗan, mai ƙawa shi ne da riba. Ashe funfuna tana sa hannu a kokawar da tsirrai suke yi, tana taimakon wani, tana barin wani.

Wa take taimako?

Masana sun so su ga wannan da idonsu. A shekarar 1987, a birnin Shefild na Ingila, aka ba da labarin wani gwaji. An shuka ciyayi da ƴan tsirrai masu fure iri-iri tare cikin akwatuna, wasu akwatunan da funfuna, wasu babu. A inda babu funfuna, wata ciyawa mai ƙarfi ta danne sauran. A inda akwai funfuna, ƙananan tsirran suka sami ƙarfi, suka riƙe wurinsu, akwatin ya zama mai jama'a iri-iri.

A 1998 wasu masana na Suwis da Kanada suka ƙara gaba. Suka ce: ita funfunar ai ba iri ɗaya ba ce, me zai faru in an yawaita irinta? A Kanada suka shuka tsiro iri 15 a kowane ɗan fili. Wani fili suka sa masa funfuna iri 1, wani iri 2, wani 4, wani 8, wani 14. Filayen da suka sami funfuna iri da yawa su ne suka fi tsirrai iri-iri, suka fi yawan ganye da saiwa, suka kuma fi kwashe fosfor daga ƙasa. Dalili kuwa, kowane tsiro yana da funfunar da ta fi dacewa da shi. In iri ɗaya ce kawai a wuri, masoyinta ne yake ƙoshi, sauran su rame.

Kada ku yi saurin cewa funfuna kullum mai taimakon marasa ƙarfi ce. A jihar Kansas ta Amurka akwai wani babban filin ciyawa inda dogayen ciyayi suke mulki. Masana suka riƙa zuba maganin kashe funfuna a wasu sassan filin shekara da shekaru, suka ba da sakamako a 1999. Abin mamaki, da funfuna ta ragu sai dogayen ciyayin suka yi rauni, ƙananan tsirrai suka sami sarari, iri ya ƙaru. A can, sarakunan filin su ne suka fi dogara da funfuna, ita ce take riƙe musu sarauta.

Gwajin Ingila da na Kansas ba su ƙaryata juna ba. Funfuna ba alƙali ba ce. Tana ƙarfafa wanda ya fi dogara da ita, ko babba ne ko ƙarami. In kuna so ku san abin da za ta yi a wani wuri, sai ku fara tambaya: wane tsiro ne a nan ya fi bukatarta?

Dajin doka da dajin gauraye

Funfunar da muka yi magana a kanta, mai shiga cikin ɗakunan saiwa, ita ce ta gonakinmu da dazuzzukanmu. Ba ta yin laima a sama. Amma akwai wata iri dabam, wadda ba ta shiga ɗaki. Naɗe bakin saiwa take yi, kamar an sa masa riga, sannan ta ratsa tsakanin ɗakunan. Wannan ita ce mai fito da laimar kwaɗi a gindin itatuwa masu rai. Itatuwan da suke zama da ita ba su da yawan iri, amma sukan mamaye ƙasa mai faɗi.

Wanda ya taɓa tafiya kudu, arewacin Benin ko tsakiyar Najeriya, inda ruwan sama ya fi namu yawa, ya ga dajin doka. Sai ka yi tafiya mai nisa, doka gaba, doka baya. Doka tana cikin masu funfuna mai riga, haka ma kawo. Da damana gindinsu yakan cika da laimar kwaɗi iri-iri. Can cikin kurmin Kwango ma akwai wurare inda icce iri ɗaya mai irin wannan funfuna ya cika daji, alhali kusa da shi akwai kurmi mai itatuwa iri ɗari da wani abu a gauraye.

Me ya sa? Wani bincike da aka buga a 2017 ya ba da haske. An ɗauki itatuwa iri 55 na Amurka ta Arewa. Aka shuka ƴaƴan kowane a ƙasar da aka ɗebo daga gindin iyayensu, da kuma ƙasar da aka ɗebo daga gindin wasu itatuwa. Ƴaƴan masu funfuna mai riga sun fi jin daɗi a ƙasar iyayensu: sun tarar da ƙawarsu tana jira, rigar kuma tana kare bakin saiwa daga cuta. Ƴaƴan masu funfunar cikin ɗaki kuwa sun fi shan wahala a gindin iyayensu, don cututtukan da suka saba da irinsu sun taru a wurin. Gara su tsira nesa, kusa da baƙo. Saboda haka na farko sukan zauna dangi-dangi, na biyu kuma su warwatsu, su gauraya da wasu. Masana da yawa suna ganin irin wannan dalili yana cikin abin da ya sa doka take tara ƴan'uwanta wuri ɗaya, tare da wasu dalilai kamar gobarar daji da irin ƙasa.

Icce mai funfuna mai riga ba ya yin nisa ba tare da ita ba. A tsibirin Fotoriko, can yankin Amurka, an yi fiye da shekara 20 ana ƙoƙarin dasa wani icce na ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura, wanda ake yin katako da shi. Ya tsira, ya ɗan tashi, ya yi rawaya, ya mutu. An ba shi taki, bai yi ba. A 1955 aka kawo ƙasa kaɗan daga gindin irin itatuwan a jihar Karolina ta Arewa, aka zuba wa wasu ƴan dashe. Waɗanda aka zuba wa suka yi kore, suka miƙe. Abin da ya rasa duk shekarun nan yana cikin ƴar ƙasar nan.

Wataƙila kun ji ana cewa itatuwa suna aika wa juna abinci ta zaren funfuna, har uwa ta ciyar da ƴaƴanta. Gaskiya ne zare ɗaya yana iya haɗa saiwar tsiro biyu. Amma ko abincin da yake ratsawa ya isa ya raya ƙaramin icce a daji, wannan masana suna gardama a kai, kuma a 2023 wasunsu suka nuna cewa labarin ya wuce hujjar da ake da ita. Mu tsaya ga abin da aka tabbatar.

Ƙuduji, ɓarawon kira

Kowane ɗan manomi ya san ƙuduji, mai jan furen nan da yake fitowa a gindin hatsi da dawa, ya tsotse su har su ƙone. Kun lura a wace gona ya fi yawa? A gonar da ta gaji. Manoma sun daɗe da sanin haka. Dalilin ne ba a gane ba sai kwanan baya.

Idan saiwa ta ji yunwar fosfor, takan fitar da wani sinadari kaɗan cikin ƙasa. Tun 1966 aka gano irin wannan sinadari a saiwar auduga, aka kuma ga shi ne yake tayar da irin ƙuduji daga barci. Sai aka yi ta mamaki: don me tsiro zai kira maƙiyinsa? A 2005 wasu masana na Japon suka sami amsa. Ba ƙuduji ake kira ba, funfuna ake kira. Da zarenta ya ji sinadarin sai ya yi rassa, ya kama saiwar. Ƙuduji ya koyi jin kiran ne kawai, kamar ɓarawon da ya ji ana kiran baƙo cin tuwo, ya riga shi shiga.

Ku duba yadda abin yake tafiya. Gona ta gaji, fosfor ya ƙare, hatsi yana ta kira da ƙarfi, irin ƙuduji yana ta farkawa. Ƙuduji ɗaya kuwa yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10. Amma in saiwa ta sami ƙawarta da wuri, ta ƙoshi, sai ta rage kira. A arewacin Kamaru an gwada sa wa dawa da masara funfuna a gona, ƙuduji ya ragu. Bai ƙare ba. Har yanzu sai an haɗa da taki, da sauya shuka, da tuge shi kafin ya zubar da iri.

Yadda ake korar ta, da yadda take dawowa

Funfunar gonakinmu ba ta iya girma sai a jikin saiwa mai rai. Da rani, in hatsi ya bushe, takan kwanta cikin ƙasa, a matsayin ƴan ƙwayoyin iri da guntayen zare cikin busassun saiwoyi, tana jiran ruwan fari. Yawancinta tana cikin ƙasar sama. In iska ta kwashe ƙasar sama, ko ruwa ya wanke ta, ta tafi ke nan. In fili ya daɗe babu tsiro, ƙwayoyin sukan mutu da kaɗan-kaɗan. A Ostiraliya manoma sun ga haka: gonar da aka bari tsirara fiye da shekara, aka hana ko ciyawa fita, da aka shuka ta sai amfanin ya tsumbure, don funfunar ta ragu.

Wannan yana cikin abin da ya sa fako yake da wuyar warkewa. Ba tauri kaɗai ne ciwonsa ba. Irin da ya faɗa can, ko ya tsira, ba ya tarar da mai taimako. Tassa da rabin-wata, waɗanda manoman jihar Tawa suka ƙware a kai, suna tare ruwa, suna kuma tare ƙasa da ganye da iska take kawowa. In tsiro na fari ya kama, funfuna ta sami gida, na biyu ya fi samun sauƙi.

Itatuwa da kututture masu rai su ne rumbun funfuna, don saiwarsu ba ta mutuwa da rani. A Senegal an haƙa ƙarƙashin gawo, aka sami funfunar saiwa har zurfin da ya wuce mita 30. Ku tuna da wannan in kun ga ana sassaben zamani, wato barin tohon sabara da kalgo da gawo su tashi cikin gona. Wannan aiki ya bunƙasa a jihar Maraɗi tun daga 1983, ya bazu har ya kai wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Manomi yana yin shi don itacen wuta da abincin dabbobi da kariyar iska. Ƙarƙashin ƙasa kuma akwai wata riba da ba a ƙirga ba.

Sauya shuka ma yana taimako. Binciken da aka yi a Nijar da Burkina Faso, aka buga a 2000, ya nuna cewa hatsi da dawa da aka shuka bayan wake ko gujiya sun fi saurin kama funfuna tun suna ƙanana, bisa waɗanda aka shuka bayan hatsi ko dawa.

Takin zamani fa? In an zuba mai fosfor da yawa, tsiro yakan rage ciniki da funfuna, don ba ya bukata. Wannan ba damuwar yawancin manomanmu ba ce. Tasu damuwar ita ce takin ba ya isa. Ɗan kaɗan a ramin shuka, giram 2 zuwa 6 gwargwadon irin takin, kamar yadda aka gwada a cibiyar bincike ta Sadore kusa da Yamai, yana ba tsiro ƙarfin fara yin saiwa. Akwai kuma dutsen fosfat a jihar Tawa, wanda ake niƙawa a zuba a gona. Narkewarsa a hankali take, shekara da shekara, kuma saiwar da take da dogon zare ita ta fi tsintar abin da ya narke.

Aikin yi

Ku nemi gwangwanaye 10 masu girma ɗaya, ku huda gindinsu. Ku ɗebo rairayin jigawa marar taki. Malam zai taimake ku ku turara shi cikin tukunya, kamar yadda ake turara dambu, na awa ɗaya, don a kashe abin da yake raye a ciki. In ya huce, ku cika gwangwanayen.

Ku je gindin gawo ko sabara, ku ɗebo ƙasar sama tare da ƴan guntayen saiwa. Ku raba ta biyu. Rabi ku turara, rabi ku bar shi yadda yake. Gwangwani 5 ku sa wa kowane cokali 3 na ɗanyar ƙasa, sauran 5 kuma cokali 3 na turararriya. Ku rubuta alama a jikin kowane. Ku shuka irin albasa a cikinsu duka. In ya tsira ku bar tsiro 2 a kowane gwangwani. Ku ajiye su wuri ɗaya, ku ba su ruwa daidai wa daida. Kada ku yi amfani da cokali ɗaya ga kashi biyun sai kun wanke shi.

Kowace Litinin ku auna tsawon ganye, ku rubuta. Makonnin farko ba za ku ga bambanci ba, funfuna tana ɗaukar lokaci kafin ta kama. Ku jira mako 8. Ku rubuta abin da kuka gani, ko da ya saɓa wa abin da kuka zata. Ku tuna kuma ɗanyar ƙasa ba funfuna kaɗai take ɗauke da ita ba, akwai wasu ƙwayoyin halitta a ciki. In akwai sauran gwangwanaye, ku maimaita aikin da irin shu, ku gwama.

Tambayoyi

1. Me tsiro yake ba funfuna, me kuma yake karɓa?
2. Don me aka sa turararriyar ƙasa a gwangwani 5, maimakon a bar su da rairayi kawai?
3. A Shefild funfuna ta ƙara yawan irin tsirrai, a Kansas ta rage. Ku bayyana dalili da kalmominku.
4. Wani manomi yana da gonar da ƙuduji ya cika. Ku rubuta masa wasiƙa ta layi 10, ku gaya masa abin da yake faruwa cikin ƙasarsa.
5. Ku tambayi wani dattijo a garinku waɗanne itatuwa da ciyayi ne suke bayan gari yana yaro, waɗanda yanzu babu. Ku rubuta sunayensu da Hausa, ku nemi na Faransanci tare da malam.